Farin Zaren da ke Cikin Ƙashin Baya

Talata, 9 ga Agusta

Akwai sauran ganyayyaki a littafin kimiyyata na aji bakwai. Tunda bana ba makaranta, bari in riƙa rubutu a ciki. Kaka ta ce bakina ado ne kawai, har ta sa mini suna Malama Shiru. To, ga inda zan yi maganata.

Rijiyarmu ta ƙafe. Mama ta tafi can busasshen rafi ɗebo ruwa, da Amisi goye a bayanta, ko wata biyu bai cika ba. Da ta dawo ta ce ƙafafunta sun yi nauyi kamar ta keta taɓo, kuma suna rawa. Kaka ta ce gajiyar jego ce, ta ɗebo rabin karakatarta, wato tuwon rogonmu, ta ƙara mata. Kullum haka take yi. Wai mai shayarwa ciki biyu take ci wa.

Karakata safe, karakata yamma. Masara ta ƙone, wake bai yi ba, gyaɗa ko ƙwaya. Sai rogo mai ɗaci, wanda ko aladen daji ba ya taɓawa. Da can a kan falalen dutse muke shanya shi makonni kafin a daka. Yanzu wa zai jira? Kaka ta tono da safe, ni in fere, in kirɓa shi ɗanye, rana ta ɗan buge shi, gobe ya zama tuwo. In mun ci kai ya riƙa juyawa. Ƙanwata Sifa dariya ma abin yake ba ta. "Yaya, duba, gida na tafiya!"

Laraba, 10 ga Agusta

Mama ta kasa tashi.

Ta dafa bango ta miƙe, dunduniyarta ta ƙi taɓa ƙasa. A kan yatsu ta tsaya, gwiwoyinta na haɗuwa kamar an ɗaure su. Taku ɗaya ta faɗi. Ni na ɗauke Amisi don kada ta danne shi. Ta kira sunana, Anifa, amma harshenta ya yi nauyi, sunan ya fito kamar ba nawa ba.

Alhamis, 11 ga Agusta

Haka dai. Ina tsoro.

Asabar, 13 ga Agusta

Mata sun cika tsakar gida. Wata ta ce an binne abu ne a hanyar rafi, Mama ta tsallaka. Wata ta rage murya ta ce mantakasa ce, ciwon nan mai shanye ƙafa, Kaka ta ce ta tofar da yawun wannan kalma kafin ta sake shigo mana gida.

Da hantsi Kaka ta ɗauko ɗan garin dawar da ta ɓoye, ta je gindin tsohuwar yazawa ta bayan gida ta yi makeya, wato roƙon kakanni. Ta durƙusa tana zuba garin kaɗan-kaɗan, tana kiran sunan uwarta da na kakarta, tana roƙon su saki ƙafafun 'yarta. Mu muna nesa. Yara ba sa matsawa kusa, balle su taɓa gari a wurin. Babbar mace ta gida kaɗai ke yi.

Sifa ta raɗa mini, "Yaya, matattu ma sun fi mu cin daɗi, su dawa ake ba su." Na toshe mata baki.

Litinin, 15 ga Agusta

Kawu Usene, ƙanen Mama, ya zo da kekensa. Baba dai tun da ya tafi kamun kifi garin Nakala ba labari. Kaka ta ce ba inda za a kai ta, Kawu ya ce, "Inna, kin yi naki, bari in yi nawa, duk wanda ya ci sai a raba ladan." Ya ɗaure Mama a bayan keke da zani yana turawa. Ni na biyo su da Amisi a baya, har ƙaramin asibitin bakin titi.

Nas ɗin sunanta Selestina, gajeruwa, mai ƙaton tabarau. Ta zaunar da Mama a kan tebur, ƙafafu na lilo. Ta ɗauko wata 'yar guduma ta roba ta ɗan taɓa ƙasan gwiwa. Ƙafar ta harba sama, saura ƙiris ta kwashe mata tabarau. Ta tanƙwara tafin ƙafar, sai ya kama kakkarwa shi kaɗai ya ƙi tsayawa. Mama na kallonsa kamar na wani. Sannan ta tsunkuli yatsunta, Mama ta ce wash. Nas ta ce, "Madalla da wannan wash ɗin."

Ta tambayi me muke ci, da yadda muke shanya shi. Kawu ya fita gyaran taya. Mama ta rufe fuska da zani tana kuka. Sai ya rage ni.

"Ke, wa ke daka a gidanku?"

Na ɗaga hannu kamar a aji.

"Ba ki da baki? To ai kina da kunne. Matso."

Ta kama kaina da hannu biyu. Zan rubuta yadda ta faɗa kada in manta. Ta taɓa goshina, ta ce ƙwaƙwalwar da ke nan ita ke tunani da yanke shawara. Ta ja yatsa ta tsakiyar kaina daga kunne zuwa kunne, ta ce daga nan umarni ke fita zuwa hannu da ƙafa da harshe. Ta dafa ƙeyata, ta ce gani a nan yake, ba a ido kaɗai ba. Na yi mamaki, gani a baya? Ƙasa da nan akwai wata 'yar ƙarama mai hana mutum tangaɗi. Inda kai ya haɗu da wuya kuma nan ne mai kula da numfashi da bugun zuciya, ba ya barci ko mutum ya yi. Daga nan sai laka ta sauka ta cikin ƙashin baya kamar farin zare. Ta bi bayana da yatsa har ƙugu, tsigar jikina ta tashi.

Ta ce hanya biyu ce a cikin lakar. Ɗaya na hawa da labari, zafi ko sanyi ko ƙaya. Ɗaya na sauka da umarni. Dafin rogon da bai sha shanya ba ya ƙone ta saukar, wadda ke zuwa ƙafa. Shi ya sa Mama ke jin tsunkuli amma ƙafar ba ta jin maganarta. Harbin gwiwa kuwa laka ce ke yi da kanta ba ta tambayi kai ba. Kowa na da shi kaɗan. Kai ne ke riƙe da ita kamar akuya a talala, na Mama igiyar ta tsinke.

Muryata ta fito da ƙyar. Na ce zai warke?

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce harshen zai iya sakewa, tafiyar za ta ɗan gyaru da sanda, amma abin da ya ƙone ya ƙone. Ta ce ba ya hawa da kansa. Sai dai in an ci gaba da cin garin haka zai iya dawowa ya ƙara. Kuma masu jego da yara ya fi kamawa.

"Akwai ƙanana a gidan?"

Sifa.

Ta koya mini. A kwaɓa garin da ruwa, a baza shi a faifai, kada kaurinsa ya wuce tsawon farce. A bar shi a buɗe, a inuwa daga safe zuwa azahar, ko a rana kamar rabin haka. Dafin sai ya fice ya bi iska, sannan a tuƙa. In an samu kifi ko wake a haɗa. Ta ce, "Ki je ki gaya wa manyan gidanku. Ba kowa ya yi mata komai ba, tukunya ce."

Ni? In gaya wa Kaka?

Laraba, 17 ga Agusta

Na je gabanta sau biyu. Na farko na ce, "Kaka." Ta ce, "Mene?" Na ce ko in share tsakar gida.

Na biyun ma ban ce komai ba.

Juma'a, 19 ga Agusta

Na faɗa wa Kawu kafin ya koma garinsu, kaina a ƙasa. Ya yi wa Kaka maganar sama-sama yana ɗaure kaya. Ta ce rogon da ya raine shi har ya yi gemu shi ne yau ya zama dafi? Ta ce ruwan da ake tafiyar rabin yini a samo shi za a zuba wa gari, yara na kukan yunwa ana gadin faifai? Kawu ya yi dariya ya ce, "Inna, ni dai ɗan aike ne," ya hau keke.

Ina buga gwiwata da bayan ludayi. Tana motsi kaɗan. Kaɗan ɗin nan daidai ne ko ya fara yawa? Ban sani ba. Na buga har wurin ya yi ja.

Lahadi, 21 ga Agusta

Nas ta ce ba ya hawa, amma ina dubawa. Na tambayi Mama sunan kakar Kaka, ta faɗa, to goshi lafiya. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga yatsu, ta ce uku, ƙeya lafiya. Da ta yi barcin rana na zauna ina kallon ƙirjinta na hawa da sauka. Na ja mata tsinke a tafin ƙafa, ta farka ta ce, "Ke Anifa, aljanu kika samu?" Harshen ya fara sakewa.

Sai ta jawo ni. Ashe ta ji duk abin da Nas ta faɗa, tana cikin zanin.

Ta ce, "Kada ki ƙara kai wa Kakarki maganar nan. Wa ya riƙa rage nasa yana ƙara mini? Kina so ta san da hannunta ta ba ni?"

Na ce to Sifa fa?

Ta juya fuskarta ga bango. Can ta ce, "Ke ke tuƙi. Ni ban ga komai ba."

Talata, 23 ga Agusta

Na yi. Kaka na fita gona na kwaɓa garin da ruwan wankana. A tsakar gida ba dama, kaji da maƙwabta, kowa ya leƙo sai ya kai mata labari. Wuri ɗaya ne ba mai zuwa, gindin tsohuwar yazawa. Can na je. Na ce wa matattun a zuci, ku yi haƙuri, ba naku ba ne, aron inuwa na zo. Na auna da farce. Na zauna ina korar ƙuda, gabana na faɗuwa duk sanda ganye ya motsa.

Na tuƙa kafin ta dawo. Ta ci ta ce, "Tuwon yau salam, kamar mai shi." Sifa ta ce yau gida bai yi tafiya ba, har da fushinta.

Asabar, 27 ga Agusta

Kaka ba ta je gona ba, bayanta na ciwo. Ita ta tuƙa, daga turmi zuwa tukunya. Na ga ta cika wa Mama kwano, wai ƙafa sai da ci. Mama ta karɓa ta yi godiya, ta ci kaɗan, ta tura sauran ƙarƙashin gado. Na janye kwanon Sifa na ce ya isa. Ta fasa ihu, Kaka ta ce wace irin muguwar yaya ce ni. Na mayar mata.

Na zauna ina kallon kowace loma tana wucewa ta wuyanta.

Alhamis, 1 ga Satumba

Ban yi wanka ba tun ranar nan. Sifa ta ce ina warin akuya.

Litinin, 5 ga Satumba

Nuro ɗan maƙwabtanmu, sa'an Sifa. Jiya suna tsere tare, yau uwarsa ta fito da shi a kafaɗa, ƙafafunsa a miƙe kamar itace. Ihunta har yanzu yana kunnena. Mutane sun ce ai hanyar rafi ɗaya ce, abin da aka binne bai gama ci ba. An daina bin ta, ana zagaye mai nisa.

Na san abin da ya kamata in gaya wa uwar Nuro. Na je har bakin danga. Na dawo.

Na kama Sifa na buga mata ludayi. Ta ce me na mayar da ita, ganga?

Laraba, 7 ga Satumba

An kama ni.

Ƙotar fartanyar Kaka ta karye, ta dawo da wuri ta bayan gida. Ta same ni durƙushe a gindin yazawa, ga farin gari a gabana, kuma bakina na motsi, don ina ba su haƙuri kamar kullum. Ta yar da fartanyar. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kaka ba sai yau.

"Wa kike kira? Wa ya koya miki? Yarinyar da ko wankan balaga ba a yi mata ba, ke ce za ki zuba wa matattu gari? Kuma garin rogo? Zagin su kike yi?"

Na jawo faifan kusa da ni.

"Yi magana! Shirun nan naki dama na san ba na banza ba ne. Tun yaushe? Kafin uwarki ta kwanta ko bayan nan?"

Wannan tambayar ce ta fi mari zafi. Ta kifar da faifan. Abincin yini guda, a cikin ƙasa. Mama na kiranta daga ɗaki, "Inna, Inna, ƙyale ta," amma ba ta faɗi dalili ba. Ni ma ban faɗa ba.

Ta karɓe tuƙi daga hannuna. Daka kawai zan riƙa yi, a gabanta.

Asabar, 10 ga Satumba

Kai na juyawa kuma. Cinyoyina na tsami. Ko daka ce, ko shi ne. Ina taka dunduniya da ƙarfi in ji ta taɓa ƙasa.

Uwar Nuro ta ja zaninta gefe da na wuce. Labari ya je.

Laraba, 14 ga Satumba

Kawu ya aiko da kifi daga bakin teku, babba guda. Mun yi salati. Kaka ta ba Mama tsakiya, ni aka ba ni ƙashin baya in tsotsa. Na karya shi, sai ga shi. Wani siririn farin zare a cikin rami, ya bi ƙashin tun daga kai har wutsiya. Laka. Ashe da gaske ne. Ashe haka namu yake, siriri, laushi kamar ba komai ba, kuma a kansa mutum ke tsaye.

Ban iya cinye shi ba. Na naɗe ƙashin a ganye na soke a jinka. Ban san don me ba.

Lahadi, 18 ga Satumba

Dole in rubuta wannan.

Da safe ina fere rogo, Kaka na hura wuta ta ɗora ruwan tuwo. Na ɗaga kai. Sifa ta fito daga ɗaki a kan yatsunta, dunduniya a sama, gwiwoyi a haɗe, tana dafa bango.

Ban san sanda na tashi ba. Ban san muryar wa ce ta fito ba. Na ji dai ana ihu, "Rogon ne! Rogon ne, Kaka! Ba hanyar rafi ba ce, ba matattu ba ne, tukunyarki ce!" Na fizge ƙwaryar garin daga hannunta na rungume. Na ce sai dai ta kashe ni. Na zaro ƙashin kifin daga jinka na karya a gaban idonta, zaren ya bushe amma yana nan. Na ce ga shi, irinsa ne a bayan Mama, ta nan kai ke aika wa ƙafa magana, dafin ya ƙone shi, ba ya tohowa. Na ce masu jego ya fi ci, da wanda ya fi cin tuwon. Na faɗi wannan. Na faɗa, ina kallonta.

Mama ta jawo jiki zuwa bakin ƙofa tana cewa, "Anifa, ya isa, ya isa."

Sai Sifa ta fashe da kuka ta ruga bayan ɗaki. Da gudu. A kan dunduniyarta.

Kwaikwayon Mama take yi. Wasa ne. Wai ita ce Mama, ɓawon kwakwa ne Amisi.

Na kamo ta na zaunar a kan turmi na buga ludayi. Kaɗan ta motsa, irin na kowa. Na buga ɗayar. Sannan na zauna a ƙasa.

Maƙwabta duk sun leƙo ta danga. Kaka ba ta dake ni ba. Da ma ta dake ni. Ta ɗauki ƙashin ta juya shi a tafin hannu, ta dubi Mama, ta daɗe tana dubanta. Ta ce, "Atija, kin sani?" Mama ta sunkuyar da kai. Kaka ta sauke tukunyar, ta shiga ɗakinta.

Ba a ci komai ba sai la'asar. Na shanya garin a tsakiyar tsakar gida, kowa na gani. Ba wanda ya hana ni.

Litinin, 19 ga Satumba

Ba ta fito ba. Na ajiye mata tuwo a bakin ƙofa, kaji suka ci.

Mama ba ta yi mini magana.

Laraba, 21 ga Satumba

Ina tsoron na kashe Kaka da bakina. Duk shekarun nan ban yi magana ba, rana ɗaya na yi.

Alhamis, 22 ga Satumba

Ta fito da hantsi, ta rame. Ta wuce ni ta shiga wurin Mama. Ina bakin ƙofa da Amisi. Ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafafun Mama a cinyarta tana matsawa da man kwakwa. Ta tsunkuli babban yatsa.

"Kina ji?"

"Ina ji, Inna."

"To motsa shi."

Ya ɗan motsa, ƙafar duka ta kama rawa. Kaka ta riƙe ta da hannu biyu har ta lafa. Ta ce, "Nawa nake ragewa. Ina kwana da yunwa ina jin daɗi, wai na ciyar da 'yata." Mama ta ce, "Da ba ki ba ni ba da Amisi bai samu nono ba. Dube shi, kamar ɗan gwamna." Su biyun suka yi wani abu, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Na bar wurin.

Talata, 27 ga Satumba

Ni ke kwaɓawa, Kaka na kallon wani wuri. Ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba. Amma tulun da ta ɗebo da kanta na ga ta ajiye shi kusa da faifai.

Jiran ne wahala. Sifa na zagaye faifan kamar mage tana cewa, "Yaya, dafin bai gama fita ba? Kore shi mana." Na ba ta mafici ta riƙa yi masa fifita.

Asabar, 8 ga Oktoba

Kawu ya sassaƙo wa Mama sanduna biyu. Ta kai bakin danga ta dawo, gumi sharkaf, a kan yatsu. Ya ce saura tseren keke. Ta ce ya jira ta kama shi da sandar. Mama ce ta fi kowa tsallen igiya a ƙauyen nan, ranar biki har daga wasu garuruwa ake zuwa kallonta. Ba wanda ya ambaci wannan.

Na tambaye ta sunan kakar Kaka. Ta ce in na sake tambaya za ta manta da gangan.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Na makara a rafi. Na dawo da sauri gabana na faɗuwa, don na bar gari a ƙwarya ban kwaɓa ba. Na same shi a baje a faifai, a inuwar ɗaki. Kaka na zaune a gefe da reshe tana korar kaji. Na ga ramin farce a tsakiya, babba, ba nawa ba.

Ta ce, "Me kike kallo? Ya fi tuƙuwa ne haka, ba ya gudaji. Tun kafin a haifi uwarki na san wannan."

Na ce to, Kaka.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Yazawa ta fara nuna. Hadari ya haɗu a gabas amma bai sauka ba.

Uwar Nuro ta shigo da ƙwaryar gari, ta tsaya tana murza bakin zani. Akwai ƙannen Nuro biyu a gida. Ta tambayi Kaka yadda ake yi. Kaka ta ce, "Ni me na sani? Tambayi Malama Shiru, ta fi rediyo yanzu." Na nuna mata. Ta ce to me ya haɗa tuwo da ƙafa, ba ciki yake zuwa ba? Sai na kama kan Sifa na fara daga goshi. Da na kai ƙugu na ɗago, mata huɗu ne ko biyar a tsaye, ban ga shigowarsu ba. Ina jin na yi maganar da yawa. Wata ta ce in sake faɗin na akuyar, na sake.

Ba wani abu ba ne. Abin da aka gaya mini ne kawai.

Da yamma yara na tsallen igiya a ƙofar gida, mai juyawa ɗaya ta tafi. Mama na zaune a kan turmi ta ce a miƙo mata bakin igiyar, hannunta ai lafiyarsa ƙalau. Ta juya, Sifa ta shiga. Sai Mama ta ce, "Anifa, shigo mana, ko sai an aiko miki da goron gayyata?" Na ce ina da aiki. Na shiga kaɗan dai.

Sifa na neman ludayi ɗazu, ta ce ina na kai shi. Yana cikin tukunya. Ban tuna ranar da na mayar da shi can ba.